A-kori-kurar da Ba Ta Shan Mai

Malali, Kaduna
Farkon Yuni

Sharhabil, bawan gidanmu,

Assalamu alaikum. Ina fata teku ba ta haɗiye ka ba tukuna, don ina da magana da kai. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Mahaifiyarka, Gwaggo Larai, tana cin tuwonta, tana kuma yi mini faɗa a kan gishiri, ka ga ke nan da sauranta. Ciwon nan da suga ya buɗe mata a ƙafa ya fara haɗewa daga gefe. Likita ya ce muddin ba a fasa zuwa wankin ciwo Litinin da Alhamis ba, ƙafar za ta tsira.

To, ina motata?

Na ce motata ko da yake kai ka saya, don ni nake tuƙa ta, ni nake kai uwarka asibiti a cikinta. 'Yar ƙaramar farar nan mai lantarki, wadda nake jona wa sola da safe, kafin la'asar ta ƙoshi. Ranar Asabar abokinka Khalid dillalin motoci ya zo da fara'arsa, ya ce ka ce a kai ta a duba batir. Na ba shi mukulli, har da ruwan sanyi. Ranar Talata sai ga shi da wata irin halitta baƙa wuluk mai buɗaɗɗen baya, tayarta ta kusa kai mini ƙugu. Ya miƙo mini mukulli yana murmushi kamar wanda ya kawo lefe.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Taki ce, Malama."

Na ce, "Tawa fara ce, kuma ana iya shigarta ba tare da tsani ba."

Ya ce, "Ai an yi musaya. Injiniya ya ce ke kika nema."

Ni na nema? Sharhabil, na ƙare ƙuruciyata ina koyar da 'ya'yan mutane tarihi, na san yadda ake ƙera hujja bayan an gama ɓarna. Yaushe na nemi a-kori-kura? Fataucin masara nake yi ko na raguna? Na yi tunani har kaina ya ɗau zafi. Ko dai Khalid ya yi kuskuren gida, ko ya sayar da tawa ya zo ya toshe mini baki da wannan, ko kuwa gishirin teku ne ya shiga kanka. Na sake kiransa, ya ce farar ta riga ta isa Kano, tana hannun wata mata da ban sani ba.

Wai ita ma wannan da lantarki take aiki, shi ya sa Khalid yake ganin duk ɗaya ne. Akuya da raƙumi ma ai duk ganye suke ci.

Gwaggo ta ji hayaniya ta ce, "Wa ya yi baƙi?" Na ce ɗanki ne ya aiko da mota. Ta ce, "Shi yana ciki?" Na ce a'a. Ta juya ta ci gaba da jan carbinta.

Na san layin jirginku ba ya ɗaukar murya ko hoto, sai rubutu, shi ma sai ranar da ya ga dama. Ka gode wa Allah. Da murya ce da ka ji abin da rubutu ba zai iya ɗauka ba. Ka sa Khalid ya zo ya ɗauke wannan dabba ya dawo mini da motata, ko ka yi mini bayanin da mai hankali zai gane.

Uwar ɗakinka,
Harira

*

A kan teku, wani wuri da ba ki taɓa koyarwa ba
Ƙarshen Yuni

Uwar ɗakina, Malama mai jan biro,

Wa'alaikumus salam. Teku ta ce ba ta cin ɗan mace, ɗaci gare shi. Ina nan garau, muna ta shimfiɗa wayoyinmu a ƙarƙashin ruwa, sai dai kifi ya gundure ni, har mafarkin miyar kuka nake yi. Na ji daɗin labarin ƙafar Inna. Allah ya ƙara sauƙi, ya biya ki, ko da yake na san za ki ce ba ki nemi addu'ar bawa ba.

Wasiƙarki ta iso, na karanta wa wani Bakano da muke ɗaki ɗaya, saura kaɗan ya faɗo daga gado. Akuya da raƙumi! Ya ce wace ce wannan? Na ce taubashiyata ce, 'yar kawuna, haka muke tun muna rarrafe. Na gaya masa ba ki taɓa ce mini na gode ba a duniya, in kin zage ni sosai to abin ya kai miki har zuci. Da na aiko da ƙaramar ma ai cewa kika yi na aiko miki da gidan sabulu.

Kin ce yaushe kika nema. Da daminar bara. Kin rubuto cewa ruwa ya cinye hanyar asibiti, ƙaramar tana goga ciki a kowane rami, kika ce, "Da namiji ne kai, da a-kori-kura ka aiko in riƙa ɗaukar uwarka da katifarta gaba ɗaya." Maganar nan ta zauna mini a wuya. Na ce wallahi sai 'yar namiji ta ga abin da ɗan mace zai iya. To ga shi kin gani.

Ki karanta littafinta, tunda ba a bar ki a baya wajen karatu ba. Batirinta ya ninka na waccan. Ba ruwanta da rami, ba ruwanta da ambaliya. In an ɗauke wuta ma ita za ta iya ba gida, akwai wurin jonawa a bayanta. Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata ta hau ta ji yadda manya suke ji.

Bawanki da ya fi ƙarfinki,
Sharhabil

*

Malali, Kaduna
Yuli

Sharhabil,

Sallama a gare ka, don addini ya ce a yi. Gwaggo tana nan, ƙafar ta tsaya wuri ɗaya, ba ta ci gaba ba, ba ta koma baya ba. Ni kuma jinina ya hau, kuma na san sunan wanda ya ɗora shi.

Wasa nake yi! Maganar daminar bara wasa ce! Na kuma taɓa ce maka da kaza ne kai da tuni an yanka ka da Sallah, don me ba ka aiko da wuƙa ba? A cikin dubun maganganun da na jefe ka da su tun muna yara, wannan ɗaya ka zaɓa ka yi wa biyayya?

Bari in ba ka labarin yadda manya suke ji.

Motar taka ba ta shiga ƙofar gidan. Na gwada da gaba, na gwada da baya, na kankare fentin get. Yanzu a waje take kwana, ƙarƙashin darbejiya, na tsallako da wayar cajinta ta kan katanga kamar mai satar wuta. Littafin na karanta shi daga bango zuwa bango. Wanda ya rubuta shi bai taɓa jin labarin garin da ake kwana a wuni babu wuta ba. Solar da take ƙosar da ƙaramar a yini ɗaya, wannan sai ta lashe ta tas ta ce ina saura. Ka ce za ta ba gida wuta. Ita ta cinye ta gidan. Firij ya mutu, sai da na kwashi allurar sugar Gwaggo na kai ajiya maƙwabta.

Gwaggo kuwa ba ta iya hawa. Matakin ya kai gwiwa, ita kuma ƙafa ɗaya gare ta mai aiki. Mun koma Keke Napep. Kowane rami sai ta yi salati ta damƙe mini hannu, mu isa asibiti bandejin ya jiƙe.

Duk wannan ba shi ne labarin ba.

Makon jiya aka yi rasuwa a layinmu, wani tsohon tela. Da hantsi sai ga liman, Malam Jibrin, ya yi sallama ya tsaya daga zaure. Ya ce bas ɗin masallaci ta daɗe a kan duwatsu babu inji, maƙabarta kuma ka san nisanta. Ya ce, "Malama, mun ga Allah ya kawo mana sauƙi har ƙofar gida." Ka gaya mini, kai mai dabara, da wane baki ake ce wa gawa a'a? Na miƙa mukulli. Bala ne ya tuƙa, Bazamfaren nan da ya yi ritaya daga tuƙin tifa.

Sun dawo suna ta yabo. Wai ba ta da ƙara, ba ta busa wa masu rakiya hayaƙi, har ana jin addu'ar na baya. Wani dattijo ya ce bai taɓa ganin motar da ta san ladabin gawa irin wannan ba.

Ka san al'ada, wanda ya ari mota shi yake zuba mai. Na leƙa na ga Bala da galan a hannu yana zagaya ta yana laluben inda zai zuba. Na ce masa ba ta shan mai. Ya ce, "To me take ci, Hajiya?" Na ce rana. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dube ni, ya ce, "Allahu akbar, ashe kyauta ce." Suka ɗaga hannu suka yi mini addu'a mai tsawo suka tafi, suka bar ni da batir a ƙasa. Addu'ar na karɓa, amma ba ta kunna firij.

Ban gane komai ba, Sharhabil. Ban san ko motata ce, ko taka, ko ta masallaci ba. Ba wasa nake yi ba. Ka dawo mini da ƙaramar.

Harira

*

Malali, Kaduna
Agusta

Kai jakin ruwa,

Shiru. Ko jirgin ya nutse ne ba a sanar da mu ba? In kana raye, ina gaishe ka. Ni lafiyata ba ta dame ka ba, don haka na tsallake. Ta uwarka ce maganar, kuma ba lafiya.

Labarin motarka ya zaga gari. Daga Badarawa ake zuwa, daga Unguwar Dosa, shekaranjiya har daga Kinkinau, mutanen da ban taɓa gani ba, sun ji an ce akwai wata Malama a Malali mai motar gawa da ba ta shan mai. Bala ya mai da kansa direbanta, har hula ya saya. Da na samu ta huta na tuƙa ta zuwa Babbar Kasuwa sayen auduga da bandeji, ina shiga layi maza suka miƙe daga kan benci suna inna lillahi. Mai sayar mini da auduga ta rungume ni tana kuka, ta ce, "Gwaggon ce?"

Ɗakin ajiyar masallaci yana yoyo, sai suka fara barin makarar a bayan motar, wai ai gobe ma za a buƙata. Na yi magana, aka ce in sha Allahu za a ɗauke.

Ranar wata Alhamis na riƙo Gwaggo zuwa ƙofar gida mu jira Keke. Da ma ta ƙofar baya muke fita don ya fi kusa da titi, amma ruwa ya kwanta a can. Tana ɗaga labulen zaure ta yi ido biyu da ita. Baƙar mota, makara a baya, tabarma a naɗe a kai. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wannan ce ya aiko?"

Na ce, "Ita ce, Gwaggo, amma makarar ta masallaci ce."

Ta ce, "Yaro mai hankali. Ya san ba zai samu zuwa ba, ya aiko da abin da zai ɗauke masa nauyi."

Ta juya da kanta, ba ta ko jingina da ni ba, ta koma ɗaki. Daga ranar ba ta sake zuwa asibiti ba. Na kawo nas gida, ta rufe ƙafar da zane ta ce wadda aka aiko wa abin hawa ba ta ɓata wa mutane auduga. Na sa an ɗauke makarar a ranar, na yi wa Malam Jibrin maganar da har yanzu nake istigfari a kanta. Na zauna na warware mata komai, na ce wasa na yi maka bara, kai kuma da ƙwaƙwalwar kifi ka ɗauka gaske. Ka san me ta ce? Ta ce, "Ke da shi ba ku taɓa gaya wa juna magana ɗaya a miƙe ba. Ta ina zan san wadda zan kama?"

Sai na kwashi audugar na fita. Ni da nake rufe bakin aji guda da kallo ɗaya.

Ciwon ya fara wari. Ni nake goge abin da ta bari in goge, in ta yi barcin rana. Kai sakarai, kai gaula, kai wanda aka haifa ranar da hankali ya tafi kasuwa, ka rubuto wa uwarka ka gaya mata ba makara ka aiko mata ba. Ka gaya mata yaushe za ka zo. Daga bakinka take so ta ji.

Harira

*

A kan teku
Farkon Satumba

Uwar ɗakina,

Salamu alaikum. Afuwa, layin ne ya lalace, sai jiya wasiƙunki biyu suka faɗo tare. Ina lafiya, har na yi ƙiba. Ina gaida Inna da jiki.

Kai, Harira! Wannan karon kin kusa kama ni. Da na kai wurin "yaro mai hankali" sai da gabana ya faɗi. Sai na ga jakin ruwa, na ga ranar da hankali ya tafi kasuwa, na ce a'a, wadda take da natsuwar ƙera irin wannan zagi ba ta da mara lafiya a ɗaki. Kin manta shekarar da nake karatu a Zariya kika aiko cewa Inna ta faɗi ta karye? Na taho a bayan motar tumatir ina kuka, na tarar da ita tana daka, ku biyu kuna dariya har da riƙe ciki, ashe buhunan gero kuke so a ɗauke muku. Na san Inna, in ta samu abokiyar shiri ta fi ki iya wasan. Ba a cin ɗan mace sau biyu da dabara ɗaya.

Maganar jana'iza kuwa, Khalid ya riga ki. Ya rubuto cewa Malam Jibrin ya ambaci sunana a masallaci ranar Juma'a, aka yi mini addu'a. Wallahi sai da na yi hawaye. Ni da na saya don in ƙure ki, ashe Allah ya nufe ni da sadaka mai gudana. Ki bar su su riƙa ɗauka, kada ki hana. Zan sa a ƙaro miki faifan sola, a kuma faɗaɗa get ɗin. A yi wa Inna ɗan mataki na katako, shi ke nan.

Ga albishir. Kamfani ya nemi in ƙara wa'adi har bayan Babbar Sallah mai zuwa. Tunda kuna da mota, kuna kuma da ƙarfin haɗa mini tarko, ina ganin zan karɓa.

Ki ƙara wani zagin, Bakanon nan yana tarawa.

Naki har kullum,
Sharhabil

*

Malali, Kaduna
Satumba

Zuwa ga ɗan'uwana Injiniya Sharhabil,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina yi maka murnar ƙarin wa'adin da aka ba ka.

Wasiƙarka ta iso. Mahaifiyarka ta ji ƙarar wayar, ta ce in karanta mata duka, kada in tsallake komai. Na karanta. Ta ce in gaya maka ta ji daɗi da motar take yi wa Musulmi amfani. Ta ce ka karɓi aikin, Allah ya yi maka albarka.

Ta raba kwanukanta da zannuwanta. Ta ba ni ajiyar carbin mahaifinka in ba ka. Ta aiki maƙwabciya ta sayo mata farin yadi, yana ƙarƙashin filonta.

Babban yatsan ƙafar ya yi baƙi. Kumburin ya wuce idon sawu. Tana zazzaɓi, tana shan kunu kaɗan. Ba ta yarda a kai ta asibiti ba, ni kuma ba zan ɗaure ta ba.

Ba sai an faɗaɗa get ba. Inda motar take ya yi daidai.

Na gode da motar. Na gode da duk ɗawainiyar da kake yi da mu. Allah ya saka da alheri.

'Yar'uwarka,
Harira Nasiru

*

A kan teku

Harira,

Wa ya rubuta wannan? Ke ce? Injiniya? Na gode?

Na karanta na sake karantawa ina neman inda kika ɓoye zagin, babu. Na koma na buɗe na baya duka, na karanta su ba tare da dariya ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun Yuli kike gaya mini. Kin rubuta "ba wasa nake yi ba," na karanta wa mutane shi muna tafawa.

Ban sa hannu a takardar ƙarin ba, na mayar musu. Na je wurin kyaftin. Akwai ƙaramin jirgi da yake kawo mana abinci, in ya zo zan bi shi zuwa gaɓa, daga can in nemi jirgin sama zuwa Abuja, in hau na ƙasa zuwa tashar Rigasa ta Kaduna. Ban san yaushe zan iso ba, ya danganta da ruwa, amma na taso.

Ki karanta wa Inna wannan kamar yadda yake.

Inna, ni ne. Ban aiko miki da makara ba. Wallahi tallahi ban san za a ɗora mata gawa ba. Na saya ne don Harira ta tsokane ni, na so in burge ta, na kuma so ki daina jin ramuka. Ina hanya. Na bar aikin. Don Allah ki je asibiti. Ki yafe mini.

Harira, in ta ƙi, ki kira Malam Jibrin, ki kira duk wanda take jin nauyinsa. Ki sayar da motar, ki ƙona ta, duk yadda kika gani. Ki amsa mini ko da layi ɗaya ne. Don girman Allah ki zage ni in san tana numfashi.

Sharhabil

*

Asibiti, ɗakin mata
Ƙarshen Satumba

Sharhabil,

Wa'alaikumus salam. Tana numfashi. Zagin kuwa ba ka ci albarkacinsa ba tukuna.

Na karanta mata. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce, "Wannan ba cikin shirinku ba ne?" Na ɗauko Alƙur'ani na dafa. Ta ce, "Ya ce ya bar aikin?" Na ce haka ya rubuta. Ta ce, "Wawa. Wa ya ce ya bar aiki?" Sai ta ce in miƙo mata mayafinta.

An kwana ana ruwa, kwalbatin bakin layi ya shafe, babu Keken da zai shigo, babu tasi. Na tsaya a zaure ina kallon dabbar nan taka, ita kaɗai ce a unguwar da za ta iya ƙetarewa. Ka fahimci yadda na ji. Ni ban fahimta ba har yanzu.

Muka kifa turmi a gindin ƙofar motar. Mata uku na maƙwabta suka tallafe ta, ni na ja daga ciki, ta taka turmin da ƙafar mai lafiya tana ce mana ragwaye. Bala ya zo da gudu da hularsa yana neman mukulli. Na ce masa yau ni zan tuƙa.

Muna fitowa titi, mazan da ke rumfar mai shayi suka ga motar, suka ajiye kofuna suka miƙe kamar yadda suka saba. Gwaggo ta ce in sauke mata gilas. Ta leƙa ta ce, "Ku zauna ku sha shayinku, ban tafi ba."

Ruwan ya kai rabin taya, ta ratsa shi ba ko tari. Ban yafe mata ba duk da haka, kai ma ban yafe maka ba.

Likita ya buɗe ƙafar ya dube ni irin kallon da na saba yi wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Ta ina zan fara yi masa bayani? In ce masa wasa na yi da daminar bara? An cire babban yatsan da na kusa da shi. Ya ce sauran ƙafar tana hannun Allah da hannun magani, za a ga yadda kumburin zai yi. Zazzaɓin ya sauka jiya. Da safen nan ta ce kunun asibiti ba shi da tsami, wanda ya dama shi bai da tarbiyya.

Malam Jibrin ya zo dubiya, ya kawo lemo, bai tambayi mota ba, ni ma ban tayar ba. Ban san abin da za a yi da ita ba. In na sayar, unguwa ta koma neman abin ɗaukar mamatanta. In na bari, kullum tana ƙofar gida. Wannan kai za ka zo ka warware, tunda kai ka ƙulla. In ka sauka Rigasa kada ka biya ta wurin Khalid, kada ka tsaya sayen tsaraba. Ka zo nan kai tsaye, hawa na biyu, gado na kusa da taga.

Farin yadin ta sa na taho da shi, yana cikin jakarta. Na ce a bar shi gida, ta ce sai ta gan ka da idonta.

Ta farka yanzu, ta ga ina rubutu. Ta ce in rubuta maka wannan, kada in gyara mata ko kalma ɗaya:

"Ka gaya masa na shiga motarsa. A gaba na shiga, a zaune. In yana so ya same ni a zaune, ya ɗaga ƙafa."

Harira